Zan iya auna wutar gida da mitar da na haɗa da kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, na haɗa ƙaramar mita da Arduino Uno (ƙaramin allon kwamfuta da ake rubuta wa shiri, wato program) wadda ke nuna ƙarfin batiri a lambobi, kuma tana auna har bolt 25 ba tare da matsala ba. Yanzu ina so ta riƙa nuna mini ƙarfin wutar NEPA, domin wutar unguwarmu hawa da sauka take yi. Idan na ƙara manyan resistoci (ƙananan kayan da ke takure gudun wuta) na rage wutar, ya wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, a lissafi resistocin za su rage wutar, amma ban yarda ka bi wannan hanya ba, domin rage wuta daban, raba na'urarka da layin wuta kuma daban, kuma na biyun shi ne wanda rai ya rataya a kai.

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, to amma 230 ɗin ba ita ce ƙololuwarta ba, domin a kowane juyi takan kai kusan bolt 325 a gefe guda, sannan ta koma ɗaya gefen ta kai haka. Shi kuwa Arduino abin da yake karantawa bai wuce sifili zuwa bolt 5 ba, kuma bai san wutar da ta gangara ƙasa da sifili ba. Resista ƙarama irin wadda ake sayarwa a shagunan kayan gyara galibi ba ta jure fiye da kimanin bolt 250, komai girman adadin da ke jikinta.

Babban haɗarin yana nan: da zarar ka ɗaura resistoci kai tsaye a soket, dole ƙafa ɗaya ta wutar ta haɗu da wayar GND ta Arduino, wato wayar sifili da dukkan allon ke haɗe da ita. Idan aka juya fulogi, ko mai wayarin ya musanya waya mai wuta da nutural (wayar da ya kamata ta zama marar wuta), abin da ba baƙo ba ne a gidajenmu, to allon gaba ɗaya ya ɗauki wuta, har da ƙarfen bakin USB. Ka soka shi a laftof domin sauya shiri, wutar ta bi waya ta shiga kwamfutar. Ka taɓa shi da hannu, ta bi ta jikinka. Abin takaicin shi ne mitar za ta ci gaba da nuna lambobi daidai, ba abin da zai faɗakar da kai. A kan janareta kuma lamarin ya fi muni, domin a yawancin ƙananan janareta babu wayar da za a ce ita ce marar wuta.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ƙaramar taransifoma mai mayar da 230 zuwa bolt 9, irin ta tsofaffin rediyoyi, wadda ke fitar da wutar AC, wato mai juyawa irin ta gida, ba cajar waya ba, domin caja tana daidaita abin da take fitarwa ko wuta ta hau ko ta sauka. Naɗin waya biyu da ke cikin taransifoma ba sa taɓa juna, maganaɗisu ne kawai ke tsallakawa, kuma wannan ita ce katangar da kake nema. Idan ba a ɗora mata kaya ba takan ba da kusan bolt 11, wato ƙololuwa kimanin 15.5. Sa resista 100k da 10k (ohm dubu 100 da dubu 10) su raba wannan gida 11, ya zama kusan 1.4, sannan ka ɗora shi a kan bolt 2.5 da za ka samar da resistoci biyu masu daidai da juna da kafasita guda, ta yadda siginar za ta riƙa lilo tsakanin 1.1 da 3.9. Wannan sarari da ya rage yana da amfani, domin idan nutural ta tsinke a falwaya wutar gida tana iya doshi bolt 400. Akwai kuma ƙaramin allo mai suna ZMPT101B da ke yin wannan aiki duka, sai dai yana buƙatar a saita shi da haƙuri.

A ɓangaren shiri, kada ka ɗauki karatu ɗaya ka nuna. Juyi guda milisakan 20 ne, Arduino kuma yana iya karatu kusan sau 10,000 a daƙiƙa, saboda haka ka tara karatun juyi da yawa cikakku, ka cire tsakiyar nan ta 2.5 daga kowanne, ka ninka shi da kansa, ka ɗauki matsakaici, sannan ka fitar da tushensa, wato square root. Wannan ita ce hanyar RMS, kuma ita ce ke faɗin gaskiya ko a kan inbata mai araha wadda wutarta ba ta da santsi. Daga nan ka gwada da mita ta kasuwa mai alamar CAT II ko CAT III (alamar cewa an yi ta don auna wutar gida), ka gyara adadin da kake ninka sakamakon da shi har mitocin biyu su yi daidai.

Ka sa ƙaramin fiyus a gefen 230, ka rufe wannan gefe a akwatin roba da ba a buɗewa sai da sukundireba, kada ka kai shi kan allon gwaji mai ramuka, kuma ka zare fulogi kafin hannunka ya shiga ciki. Idan ba ka taɓa aikin wutar gida ba, kai wa mai wayarin da ka amince da shi ya haɗa maka wannan gefen, kai ka tsaya a gefen bolt 9.