Amsa: Dole sai na buɗe shafin intanet kafin na fara sayar da tikiti?

Malam, ka tambaya ko ofishin tikitin jirgi da Umara da za ka buɗe a Kano zai tafi ba tare da shafin intanet ba. Gaskiya zai tafi, amma ba zai tafi babu intanet ɗin ba, tunda IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ta daina tikitin takarda tun 2008, komai yanzu ta kwamfuta ake fitarwa.

Abin da ya fi shafin intanet muhimmanci shi ne a ina za ka riƙa ganin kujeru da farashi, wato manhajojin yankan tikiti irin su Amadeus ko Sabre ko Galileo, kuma in ba ka da rajistar IATA to sai ka raɓu da babban ejan da ke da ita ya riƙa fitar maka kuna raba riba, yawancin ƙanana da haka suka fara don garantin bankin da ake nema wajen rajistar ba wasa ba ne. Umara kuwa Saudiyya ta mayar da harkar kan manhajarta ta Nusuk, ga kuma lasisin hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, wannan kar ka yi wasa da shi.

Kwastomominmu fa ba irin na Wakanow mai sayar da tikiti ta intanet ba ne, Alhaji ba zai zuba miliyoyi a shafin da bai san mai shi ba, so yake ya turo hoton fasfo ta WhatsApp ya ji muryarka sannan ya yi taransfa. Ni dai a ganina ka fara da WhatsApp Business da Facebook da asusun banki da sunan kamfani, ka tanadi sola saboda NEPA, shafin ya biyo baya in kasuwa ta buɗe.