Muna haɗa walet na kirifto, ya za mu tsara shi don sabbin shiga?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, ni da abokina muna haɗa manhajar walet na kirifto, wato asusun ajiye kuɗin intanet, to matsalar ita ce yawancin mutanenmu ta mainin ɗin Pi da Hamster, wato tara kirifto ta danna waya, suka shigo harkar, ba su san komai kan tsaro ba. Ya za mu tsara shafukan farko yadda ba za su rikice ba kuma ba za a yashe su ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya dafa muku. Gaskiya duk aikinku yana kan kalmomin sirri 12 ɗin nan ne da manhajar ke ba mutum in ya buɗe sabon walet, waɗanda da su ake dawo da walet ɗin a wata waya, domin wanda ya riƙe su shi ne mai kuɗin, babu banki da za a je a yi kuka, babu wanda zai dawo da su. Ku faɗa wa mutum haka ƙarara da Hausa tun a shafin farko, har da murya in da hali, saboda da yawa ba za su tsaya karanta dogon rubutu ba sai dai su yi ta dannawa su wuce.

Kar ku bari a yi sikirinshot a shafin da ke nuna kalmomin, a Android akwai wani saiti mai suna FLAG_SECURE da ke hana hakan, kuma ku cire maɓallin kwafi, don mutanenmu a WhatsApp suke tura wa kansu ajiya, wallahi abin yana damuna. A biro da takarda zai rubuta, sannan manhajar ta tambaye shi kalma ta 3 da ta 9 misali, in bai kawo ba ya koma ya sake. Ni a ganina kar ma ku nuna masa adireshin karɓar kuɗi sai ya tsallake wannan, duk da wasu za su ce kun takura.

Su kansu kalmomin ku bar su yadda suke. Daga jerin kalmomi 2048 na tsarin BIP39 suke fitowa, wanda aka kawo a 2013, kuma babu Hausa a ciki, in kun fassara su ranar da wayarsa ta ɓata ba zai iya buɗe kuɗinsa a wasu manhajojin walet kamar Trust Wallet ko MetaMask ba.

Sai batun netwok, wato hanyar da kuɗin ke bi in an tura, nan ma ana tafka asara. USDT, kirifton da ke bin darajar dala, na netwok ɗin TRC20 daban na BEP20 daban, to manhajar ta duba adireshin da aka liƙa ta yi gargaɗi in bai dace ba, ta nuna kuɗin gas, wato cajin turawa, a naira, ta kuma ba shi shawara ya fara gwadawa da ɗan kaɗan. Lambar sirri ta PIN da zanen yatsa kuwa kun san dole ne.

Kuma ku rubuta a fili cewa ma'aikatanku ba za su taɓa neman kalmomin nan ba, ko a Telegram ko a waya, wanda duk ya nema ɓarawo ne. In kuma za ku riƙa ajiye wa mutane kuɗin a hannunku ne, to ku fara duba maganar rajista da hukumar SEC, mai kula da kasuwar hannun jari a Najeriya, kafin ku saki manhajar.