Tambaya da Amsa: Ɗaura bakwaini a ƙirji

Tambaya: Ƙanwata ta haifi bakwaini mai nauyin kilo 1.9. A asibiti an ce ta riƙa ɗaura shi a ƙirjinta ba riga, surukarta kuma ta ce sanyi zai kama shi, a naɗe shi da bargo a kawo kaskon wuta. Wanne za mu bi?
Daga wata mai karatu a Zariya

Amsa: 'Yar'uwa, ku bi maganar asibiti. Bakwaini ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi, bargo kuwa zafin da jiki ya fitar kawai yake tsarewa. Ƙirjin uwa shi ke ba shi ɗumin, ya daidaita masa numfashi da bugun zuciya, ya kuma sa nono ya kawo da wuri. Kaskon garwashi a rufaffen ɗaki kuwa, iskarsa guba ce ga uwa da ɗa.

Likitoci a Bogota ta ƙasar Kolombiya ne suka fara wannan dabara a 1978, saboda kwalaben saka jarirai sun yi musu kaɗan. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara ta da zarar an haifi bakwaini ko jaririn da bai kai kilo 2.5 ba, awa 8 zuwa 24 a kullum.

A bar masa kunzugu da hula da safa kawai. A kifa shi a tsaye tsakanin nonuwa, ƙafafu a tanƙware kamar na kwaɗo, kai a juye gefe guda, haɓa a ɗan ɗage. A ɗaure da zani, bakin zanin ya tsaya daidai ƙarƙashin kunnensa, sannan uwa ta ɗora riga mai buɗaɗɗen gaba. Nan ake yawan kuskure: idan ɗaurin ya yi sako-sako, yaro zai zame, haɓa ta faɗa kan ƙirji, hanyar iska ta toshe. Fuskarsa ta kasance inda uwa ke ganinta koyaushe. Barci kuma a jingine da matasai za ta yi.

Idan za ta shiga wanka, uban yaro ko surukar da kanta su karɓa, ƙirjinsu ma yana aiki.

Idan ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi sanyi duk da ɗaurin, ko numfashinsa ya wuce 60 a minti, ko fatarsa ta koma ruwan ɗorawa, a koma asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.