In an ɗauke wuta, kifin gilashi iska yake nema

Sani, ka tambaye ni me za ka ce wa mutumin da muka haɗa wa akwatin kifi a falo in ya kira ka da dare ya ce babu wuta tun la'asar, ga kifaye sun taso sama suna ta buɗe baki. Ka ce a ganinka sai dai ya tada janareta. To in ba shi da mai fa? In janaretan yana wurin mai gyara fa? Ja kujera ka zauna, domin muddin a Kano za ka yi sana'ar nan, wannan kiran za ka sha amsa shi.

Kifi zai jure duhu, zai jure yunwa ta kwanaki, amma ba ya jure rashin iska. Oksijin ɗin da yake shaƙa a narke take cikin ruwa, kuma ta saman ruwa take shiga, inda ruwa da iska suka haɗu. Kumfar nan ta famfon iska da masu saye suke sha'awa, babban aikinta shi ne ta motsa saman ruwan, ta ɗago na ƙasa zuwa sama. Da wuta ta tafi sai ruwa ya kwanta luf, kifi na ta cin iskar da ke ciki, wadda ke shigowa ba ta kai wadda ake ci ba. Shi ya sa kullum nake hana ka yanka gilashi mai tsawo mara faɗi. Yana da kyau a ido, amma fuskar ruwansa kaɗan ce, shi ne ke fara shaƙewa.

Sannan ga zafi. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe oksijin kamar miligiram 9 a lita ɗaya, in ya kai digiri 30 sai ya sauko wajen 7 da rabi. A daidai lokacin kuma jikin kifi ya fi buƙatar iska, don zafi yana hanzarta komai a jikinsa. Saboda haka ɗauke wutar watan Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40 a garin nan kuma fanka ta tsaya, ba ɗaya take da ta damina ba. Akwatin da zai kwana lafiya a Agusta yana iya zubar da kifi kafin asuba a bazara.

Ga abin da za ka ce masa a waya. Ya buɗe murfin akwatin. Ya samo kofi ko moɗa mai tsabta, wadda ba ta da ragowar sabulu ko omo. Ya ɗebi ruwan akwatin, ya ɗaga hannu kamar taƙi ɗaya ko biyu, ya zuba shi ya koma ciki yana fantsama. Ya tara ɗayan tafin hannunsa a saman ruwan ya riƙa zubawa a kai, kada ƙarfin ruwan ya tono dattin da ke kwance cikin tsakuwa. Ya yi ta yi na minti biyar, ya huta, ya sake. Zai tambaye ka sau nawa. Ka ce kifin ne zai gaya masa: in sun sauka ƙasa suna yawonsu ya sarara, in sun sake tasowa, murfin gefen kansu yana buɗewa da rufewa da sauri, ya koma kan kofi. Aikin gajiya ne, amma ya fid da kifi da yawa. In yana tsoron masu tsalle su faɗo waje ya shimfiɗa raga a sama, amma ka ja kunnensa kada ya yanko gidan sauron da ake rabawa, domin da magani a jikinsa.

Maganin sauron nan ka riƙe shi da kyau, don mutane ba sa kawo shi a rai. Wuta ta tafi, fanka ta tsaya, sauro ya taso, sai uwargida ta fesa magani a falo ko ta kunna na hayaƙi. Irin gubar da ke cikinsu kaɗan ɗinta ke kashe kifi, ga murfi kuma a buɗe. Washegari a ce rashin wuta ne ya kashe su. Haka hayaƙin janareta: famfon iska iskar ɗakin yake tura wa ruwa, duk abin da ke cikinta da shi zai tura.

Ka tambaye shi kuma wane kifi ne a ciki. Tarwaɗa, da ɗan kifin faɗan nan beta, da gurami, suna da wata gaɓa da suke shaƙar iskar sarari da ita, su tasowa sama ɗabi'arsu ce. Wanda zai tayar maka da hankali shi ne jan kifin nan golfish, da oska, da duk wani mai babban jiki. Manya ne suke fara galabaita.

Abinci kuwa a ɓoye robar, musamman daga yara. Kifi mai lafiya zai yi kwana uku ko huɗu bai ci ba, babu abin da zai same shi. In ya ci, narkar da abincin na cin iska, kashinsa kuma ya ƙara amoniya, wadda guba ce ga kifi, a ruwan da babu mai tace shi.

Yanzu filta, inda masu koyo suka fi yin tuntuɓe. Kai kana ganin soso ne kawai mai tare datti. A jikin soson nan akwai ƙwayoyin bakteriya masu rai, su ke mayar da amoniyar da kifi ke fitarwa ta zama naitirait, daga nan ta zama naitiret wadda cutarwarta kaɗan ce. Su ma da oksijin suke rayuwa, kuma akan ɗauki makonni kafin su kafu a sabon akwati. In filtar soso ce da ke zaune cikin akwatin, da sauƙi, iskar da ake ba kifi tana isa gare ta. Matsalar tana ga filtar waje, mai kama da tukunya a rufe ruf. Ruwa ya tsaya a cikinta, cikin sa'o'i kaɗan iskar ciki ta ƙare, ƙwayoyin su fara mutuwa, datti ya fara ruɓewa. Sai a kawo wuta ƙarfe ukun dare kowa na barci, injin ya tashi da kansa ya juye ruɓaɓɓen ruwan nan kan kifin da dama a wahale yake. Mai gida ya tashi ya ga wuta ta dawo, kifi kuma a mace, ya rasa dalili.

Don haka in rashin wutar ya wuce sa'a huɗu ko biyar, a zare filogin filtar. In zai iya, ya buɗe ta ya fito da soson ya sa a roba mai faɗi, ya zuba ruwan akwatin daidai yadda zai rufe shi, ya riƙa motsawa. Kafin a mayar, ka sa hanci. In ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, zubar da ruwan tukunyar gaba ɗaya, ka ɗauraye soson da ruwan akwati. Kada ka kai shi bakin famfo, sinadarin kulorin zai ƙarasa sauran ƙwayoyin da suka tsira. Bayan an dawo daidai a canza kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, da ruwan da ya kwana a buɗe a bokiti, a kuma rage abinci na 'yan kwanaki har filta ta farfaɗo. Ruwan burtsatse da aka ɗebo yanzu-yanzu iskarsa kaɗan ce, sai an juya shi tsakanin bokitai biyu tukuna.

Zare filogi yana da wani amfanin: wutar da ke dawowa da ƙarfi tana ƙona ƙananan injina. Hita kuma in ruwa ya sauka ƙasa da ita aka kawo wuta, gilashinta fashewa yake.

Zafi da sanyi ba su da saurin kisa kamar rashin iska, ruwa mai yawa a hankali yake canzawa. Yawancin kifin da muke sayarwa sun fi son digiri 24 zuwa 28. Da hunturu a lulluɓe akwatin da bargo a bar ƙofar iska a sama, a jefa gorar ruwan ɗumi a rufe ta yi iyo. A Jos wannan shi ne babbar damuwa, mu a nan sai Disamba da Janairu. Da bazara gorar ƙanƙara ake sawa, ita ma a rufe. Kada ya fasa ƙanƙarar fiya wata ya zuba kai tsaye, saukar zafi farat ɗaya ta fi zafin kansa illa.

Amma Sani, rabin wannan wahalar ranar haɗa akwati ake kashe ta. Famfon iska in ka ajiye shi a ƙasa, da wuta ta tafi ruwa yana iya biyo tiyo ya gangaro, ya lalata injin ya jiƙa kafet, ga soket a kusa. Ko ka ɗora shi sama da bakin ruwa, ko ka sa ɗan bawul ɗin da ke hana ruwa komowa baya. Sannan kada ka miƙa akwati ba tare da ƙaramin famfo mai USB ba. Wat ɗaya ko biyu yake ci, fawa bank mai ƙarfin mAh 10,000 in cajinsa a cike yake zai iya kwana da shi har gari ya waye. Ka gwada tukuna, don wasu fawa bank ɗin suna kashe kansu in abin da aka jona ba ya jan wuta sosai. Mai inbata ko sola ka jona masa famfo da filta kaɗai, ka bar hita daban, ita tana cin wat 100 zuwa 300, za ta shanye batir kafin tsakar dare.

Za ka haɗu da mai kuɗin da zai ce a cika masa akwati maƙil da kifi don ya yi kyau. Ka lallaɓa shi ya rage, ko da cinikin zai ragu. Akwatin da ka lissafa kifinsa a kan cewa famfo ba zai taɓa tsayawa ba, na garin da ba a ɗauke wuta ne.

Aikin da za mu kai gobe, ka sa bawul biyu da famfon USB a jaka tun yau. In mun gama haɗawa kai za ka zare filogi a gaban mai gidan, ka miƙa masa kofi ya gwada zuba ruwan da hannunsa kafin mu karɓi cikon kuɗinmu.