Dandamali hawa-hawa a gidan gangaren dutse

Malam, ka ce filinka yana gangaren dutse wajen Birnin Kudu, kana son dandamali hawa uku a ƙofar gida. Fara da lissafin ruwan sama.

Kada tsayin kowane hawa ya wuce santimita 60. Katangar tare ƙasa a yi ta da bulo mai inci 9, a cika ramukansa da kankare da rodi. A zuba tsakuwa a bayanta, a sa bututun roba mai inci 2 duk bayan mita ɗaya da rabi. Magina kan toshe bututun wajen filasta, sai ruwan Agusta ya taru a baya, katanga ta yi ciki ta tsage.

Cikon ƙasa a riƙa zuba santimita 15, a yayyafa ruwa, a daddaɓe, sannan a ƙara. In an jibga gaba ɗaya, damina ɗaya daɓen zai lotsa. Daɓen ya karkata santimita 2 a kowace mita, ruwa ya bar gindin gida. Matakala kuwa tsayi santimita 15, faɗi 30, saboda tsofaffi.

Ginshiƙan rumfa, ƙarfe ko azara, don gara ba ta barin katako.

In katanga za ta haura mita ɗaya, ko da kwazazzabo a kusa, kira injiniyan gini kafin a haƙa harsashi.