Maƙoƙo zai iya taɓa ƙwaƙwalwar yaro?

Hajiya kin tambaya ko maƙoƙon 'yarki ne ya jawo mata farfaɗiya da rikicewa. Eh zai iya, amma ba kasafai ba. Akwai nau'in da ake kira Hashimoto, garkuwar jiki ce ke juyowa ta yaƙi maƙoƙon, wani lokacin har ƙwaƙwalwa ta taɓu, sai mantuwa da surutai har a ce aljanu ne.

Sai dai fa a fara duba sanƙarau da maleriyar da ta hau kai tukunna, su suka fi yawa a nan Gombe. Ki kai ta FTH, wato asibitin koyarwa na tarayya da ke Gombe, wajen likitan yara, ki tambaya batun gwajin anti-TPO, wato gwajin jini da ke nuna ko garkuwar jiki na yaƙar maƙoƙo, don ƙanwata da ta yi irin wannan ciwon gwajin maƙoƙo na farko lafiya lau ya nuna. Maganin prednisolone likita ya ba ƙanwar tawa ta samu sauƙi, kar dai ki saya a kemis da kanki.