Tambaya da Amsa: Zan iya cire PowerShell daga Windows 7 in sa sabo?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu da ɗaukar hoton fasfo a Zariya. Kwamfutar da ke teburin gaba Windows 7 ce a kanta, ban canza ba saboda tsohuwar sikanata ba ta aiki sai da ita. Abu biyu ke damu na. Duk sanda na kunna ta, sai wata taga ta yi walƙiya ta ɓace, na taɓa hango an rubuta powershell.exe a samanta. Yaron shagona ya ce bairos ne, in goge shi, amma na duba Control Panel ban ga sunansa ba. Na biyu, ƙanena ya turo mini wani fayil ɗin umarni da zai riƙa dunƙule hotunan kwastomomi wuri guda kowace yamma, sai ya ƙi aiki, yana fito da jan rubutu wai bai san Compress-Archive ba. Ƙanen nawa ya ce PowerShell ɗina ne ya tsufa. Yaya zan cire tsohon gaba ɗaya in sa sabo? Na ga foldarsa a cikin System32, in goge ta kawai?

AMSA

Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai ɗaga hannunka daga wannan folda. PowerShell taga ce da ake ba Windows umarni a rubuce. Ba a cire shi daga Windows 7, kuma ba ka ma bukatar cire shi. Ɗora sabon ake yi a kan tsohon.

Dalilin da ya sa ba ka ga sunansa a Control Panel ba shi ne ba baƙo ba ne a gidan, da shi aka yi ginin. Windows 7 ta fito a watan Oktoban 2009 da PowerShell 2.0 a cikinta. A zamanin Windows XP ne yake zuwa daban: PowerShell 1.0 na shekarar 2006 sai mutum ya sauke shi ya sa da kansa, don haka yana iya komawa jerin sabuntawa ya cire shi. Yawancin bayanan "yadda ake cire PowerShell" da ke yawo a intanet na wancan zamanin ne, ko kuma na Windows 8 zuwa sama, inda aka ware tsohon injin 2.0 a matsayin abin da za a iya kashewa. Windows 7 tana tsakiya, babu ko ɗaya daga cikin ƙofofin nan biyu. Idan ka nace ka ƙwace ikon foldar ka goge ta, abubuwan da suka dogara da shi za su fara ciwo a ɓoye. Sashen nan na Troubleshooting da kake dannawa idan firinta ta ƙi bugawa, da umarnin PowerShell aka rubuta shi. Kuma sabuntawar da kake son ɗorawa ma tana iya ƙin shiga, tunda za ta tarar an yi wa gurbinta ɓarna.

Yaron shagonka bai yi kuskure gaba ɗaya ba, ya dai kama wuƙa ya bar mai riƙe da ita. PowerShell ba ya tashi da kansa. In ka ga tagarsa ta yi walƙiya lokacin kunna kwamfuta, to wani abu ne ya kira shi. Wannan abin zai iya zama manhajar firinta ko ta sikana, zai kuma iya zama mugun abu da ya shigo ta filashin kwastoma, wanda a shago irin naka ba abin mamaki ba ne. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta taskschd.msc, ka bi ayyukan da ke jere ɗaya bayan ɗaya kana duba shafin Actions na kowanne. Sannan ka buɗe msconfig ka leƙa shafin Startup. Abin da kake nema shi ne layin da ya ambaci powershell.exe. Idan a gabansa akwai sunan fayil da ke cikin foldar kamfanin firintarka, hankalinka ya kwanta. Idan kuwa ka ga -WindowStyle Hidden, ko -enc sannan dogon shirmen haruffa da lambobi da ba ya karantuwa, to ka kama ɓarawonka. Kashe aikin tukuna, kada ka goge, ka sake kunna kwamfutar ka ga ko walƙiyar ta daina, sannan ka sa manhajar kashe bairos ta bi na'urar kaf. Ka yi wannan kafin sabuntawa, don sabon PowerShell zai yi wa mai kiran nan biyayya kamar yadda tsohon yake yi.

Ƙanenka kuma ya yi daidai. Compress-Archive sai a siga ta 5.0 ya shigo, don haka 2.0 bai taɓa jin sunansa ba. Abin da za ka ɗora sunansa Windows Management Framework 5.1, a taƙaice WMF 5.1, wanda Microsoft ta fitar a Janairun 2017, kuma shi ne ƙarshen abin da Windows PowerShell ya kai. Lambarsa ta Windows 7 ita ce KB3191566.

Fara da tabbatar da abin da ke hannunka. Buɗe PowerShell ka rubuta:

$PSVersionTable.PSVersion

Lambar da ke ƙarƙashin Major ita ce sigarka. Kada sunan folda ya ruɗe ka. Wadda ka gani a System32 ana kiranta v1.0, kuma ko bayan ka kai 5.1 sunanta v1.0 zai zauna, kamar yadda fayilolin umarnin suke ƙarewa da .ps1 har yau. Microsoft ta bar sunan ne don kada tsofaffin ayyukan da suka san wannan hanyar su ɓata. Mutane da yawa sun sake sabuntawa sau biyu sau uku saboda wannan suna kaɗai.

Idan Major ya nuna 2 ko 4, hanya a buɗe take. Idan ya nuna 3, tsaya. Wani ya taɓa ɗora WMF 3.0 ke nan, kuma ita sai an cire ta kafin a sa 5.1, in ba haka ba PowerShell yana mance hanyar da yake bi ya samo tarin umarninsa, abin da ake kira PSModulePath. Ga ka da sabuwar siga, ga umarni na ƙin fitowa. Ita WMF 3.0 tana ciruwa, tunda ɗora ta aka yi: a Programs and Features da ke cikin Control Panel ka danna View installed updates, ka nemi KB2506143, ka cire, ka sake kunna kwamfutar.

Sai abu uku da dole su cika. Na farko Service Pack 1, babbar sabuntawar Windows 7. Rubuta winver a akwatin Run, wanda maɓallin Windows tare da R ke buɗewa. In ka ga 7601 kana da shi, in 7600 ne sai ka fara sa shi. Na biyu .NET Framework, tushen da PowerShell ke tsayuwa a kai, aƙalla 4.5.2. Nan ne tarkon yake, domin WMF 5.1 tana iya shiga lafiya lau ba tare da shi ba, sai ka zo aiki abubuwa su riƙa faɗuwa ba ka san dalili ba. Wanda Windows 7 ta zo da shi 3.5.1 ne, bai isa ba. Mafi girman da take ɗauka shi ne 4.8, amma daga 4.7 zuwa sama suna neman a fara sa wata ƙaramar sabuntawa, KB4019990, kuma kwamfutar da ta shekara da shekaru ba ta ga sabuntawa ba takan bukaci KB4474419, wadda ke koya mata gane sabon sa hannun da Microsoft ta koma yi wa fayilolinta tun 2019. In akwai 4.5.2 ko sama da shi a kanta tun da, bar shi haka, ya wadatar da wannan aikin.

Na uku, ka san ko Windows ɗinka mai 32 ce ko mai 64, wato 32-bit ko 64-bit. Danna dama a kan Computer, ka zaɓi Properties, ka karanta layin System type. Ka karanta da idonka, kada ka yi hasashe. Na taɓa ɓata yini guda a wani ofis a kan wannan. Kwamfuta ce mai ƙarfi, takardar da ke manne a jikinta ta nuna injin 64 ne, na sauke fayil ɗin 64 da datar wayata, ina dannawa tana ce mini sabuntawar ba ta dace da wannan kwamfutar ba. Na sake saukewa, na zargi filashi, na zargi intanet. Sai wajen la'asar na buɗe Properties na ga ashe wanda ya yi mata Windows mai 32 ya sa, don shi ne faifan da ke jakarsa ranar. Wannan saƙon na "ba ta dace ba" kusan kullum ɗayan biyu ne, ko ba Service Pack 1, ko an ɗauko fayil ɗin da ba nata ba.

Daga shafin Microsoft kaɗai za ka sauke. Mai 64 sunansa Win7AndW2K8R2-KB3191566-x64.zip, mai 32 kuma Win7-KB3191566-x86.zip. Kafin ka warware shi, danna dama a kansa, Properties, in ka ga maɓallin Unblock ka danna. A ciki za ka tarar da abu biyu, wani fayil mai ƙarewa da .msu da kuma Install-WMF5.1.ps1. Wasu sukan danna na farkon kai tsaye, kuma yana shiga. Ni na fi son na biyun, saboda yana duba sharuɗɗan nan da na lissafa kafin ya taɓa komai, in wani bai cika ba ya gaya maka. Yi System Restore point tukuna, wato madogarar da za ka mayar da Windows kanta in abu ya ɓaci, minti biyu ne. Sannan ka buɗe PowerShell ta hanyar danna dama da zaɓar Run as administrator, ka shiga foldar da ka warware fayilolin da umarnin cd, ka rubuta waɗannan biyun ɗaya bayan ɗaya:

Set-ExecutionPolicy Bypass -Scope Process

.\Install-WMF5.1.ps1

Layin farko izini ne na wannan tagar kaɗai. Windows tana zuwa a kulle, ba ta barin fayil ɗin umarni ya gudana, kuma da ka rufe tagar kullen zai koma yadda yake. Za ka ga masu ba da shawarar a buɗe shi gaba ɗaya har abada da Unrestricted. A kwamfutar da filashin jama'a ke shiga safe da yamma, ban yarda da wannan ba.

Akwai wani tuntuɓe da na san zai iya samun ka, don ya zama ruwan dare a wajenmu. Masu gyara sukan kashe Windows Update gaba ɗaya don kada ta sha data. To fayil ɗin .msu ta hannun wannan sashen yake shiga, ko da ba a kan intanet kake ba. In a kashe yake, za ka ga kuskure mai lamba 0x80070422. Buɗe services.msc, ka nemo Windows Update, ka mayar da shi Manual, ka tayar da shi, ka sake gwadawa. In ka gama ka ga dama ka mayar da shi yadda yake.

Zai nemi a sake kunna kwamfutar, kuma a lokacin ne yake ainihin aikin, allon yana ƙirga kashi-kashi yana cewa kada a kashe. Kada ka fara wannan a kan wutar da ba ka amince da ita ba. Ka tayar da janareta ko ka tabbata batirin UPS ɗinka na da rai, kuma ka zaɓi lokacin da ba layin masu jiran hoto. In ta dawo, sake rubuta $PSVersionTable.PSVersion. Ya kamata ka ga Major 5, Minor 1, Build 14409.

Yanzu ga inda maganar cirewa take da gurbi. Abin da ka ɗora yana ciruwa. In wata manhajar shagonka ta fara rigima bayan sabuntawar, ka buɗe Command Prompt da ikon administrator ka rubuta wusa /uninstall /kb:3191566, ka sake kunnawa, za ka koma sigar da kake a da. Ƙasa da 2.0 ne ba a sauka. Hasali ma tsohon injin bai tafi ko'ina ba, yana kwance a ƙarƙashin sabon. Rubuta powershell -version 2 ka ga ya amsa. Masu kutse sun san da haka, sukan kira tsohon da gangan domin ba ya ajiye bayanin umarnin da aka gudanar kamar yadda ake iya sa 5.1 ya yi. Tun 2017 Microsoft ta ce a daina dogara da 2.0, amma a Windows 7 ba ta ba da hanyar fitar da shi ba.

Kada kuma ka ɗauka 5.1 zai mayar da kwamfutarka Windows 10. Umarni irin su Get-NetAdapter da Get-Disk ba za su bayyana ba, domin jikin Windows 8 zuwa sama suke, ba jikin PowerShell ba. In ƙanenka ya rubuta wani abu a sabuwar kwamfutarsa ya turo, ya riƙa tunawa da haka. Haka nan in umarni zai ɗauko wani abu daga intanet ya ce ya kasa ƙulla amintacciyar hanya, a sa wannan layin a farkon fayil ɗin:

[Net.ServicePointManager]::SecurityProtocol = [Net.SecurityProtocolType]::Tls12

Windows 7 takan fara gaisuwa da tsohon salon tsaro, shafuka da yawa kuma sun daina amsa shi. Rumbun PowerShell Gallery, inda ake sauke ƙarin umarni, shi ma tun Afrilun 2020 ya koma salon TLS 1.2 da wannan layin ke kunnawa.

Wataƙila ka ji labarin PowerShell 7. Wannan dabam yake, sunan fayil ɗinsa pwsh.exe, yana zama a Program Files gefe da gefe da tsohon, kuma yana ciruwa kamar kowace manhaja. Sai dai 7.2 ce ta ƙarshe da ke tafiya a Windows 7, ita ma an daina kula da ita a Nuwamban 2024. Don dunƙule hotuna ba ka bukatar sa.

Wata gaskiya da ba zan ɓoye maka ba: Microsoft ta daina toshe ɓarakar Windows 7 tun ranar 14 ga Janairun 2020, kuma sabon PowerShell ba ya toshe ko ɗaya. Na fahimci uzurin sikana, ba kai kaɗai ba ne tsohuwar na'ura ta ɗaure wa ƙafa. Amma in da hali, bar wannan kwamfutar ga sikana da bugu, ka zare mata intanet, harkar banki da cike wa mutane fom a yi a wata.

Game da fayil ɗin ƙanenka, in ya ƙi tashi bayan sabuntawar yana maganar izini, a kira shi da powershell -ExecutionPolicy Bypass -File sannan sunansa. Ka kuma gaya masa abu biyu game da Compress-Archive. Yana da iyakar gigabait 2, don haka ya riƙa dunƙule hotunan kowace rana daban, kada ya tara na wata guda a ƙunshi ɗaya. Sannan yana tsallake fayilolin da aka ɓoye ba tare da ya ce uffan ba, kuma ɓoye fayiloli shi ne aikin farko da bairos ɗin filashi yake yi. Ranar farko ka buɗe ƙunshin da ya haɗa, ka ƙirga hotunan da ke ciki, ka gwada da na foldar asali kafin ka goge komai.